Tulin Ƙasa a Layin Tsamiya

Layin Tsamiya, Kazaure.
6 ga Fabrairu, 1978.

Zuwa ga taubashiyata Gumsu, ungozomar asibiti a Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da ciwon bayan da ya sa ni gaba tun bayan babbar salla. Matata Shatu na gaishe ki, ta ce in tuna miki har yau ba ta ga man zafin da kika yi mata alkawari ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabon da in rubuto miki tun rasuwar Baba Kura. To, kakarki Amna da kakana Bunu ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko na shekara goma ban rubuto ba ina da bakin yi miki magana. Maganar kuwa a kan gidan mahaifinki ce, wanda ya faɗo a rabonki, wanda kuma Allah ya haɗa katangata da tasa.

Gumsu, layinmu ba yadda kika bar shi yake ba. Kuɗin mai sun iso har Kazaure. Mu goma sha ɗaya muka yi ginin siminti da rufin kwano, an kafa mana famfo a bakin layi, ma'aikata daga Kano suna zuwa neman gidan saye. Amma duk wanda ya shigo, kafin idonsa ya kai kan fentina sai ya fara sauka a kan gidanki. Katanga ta zaizaye, indararo ɗaya ya karye yana lilo, rufin soro ya fitar da ciyawa har awaki na ɗaga kai suna sha'awa. Ga wani tulin ƙasa a ƙofar gida da ya cinye rabin hanya, duk shekara ƙaruwa yake yi, ga wari mai tsami yana tashi. A watan jiya wani Alhaji ya zo daga Kano zai sayi gidan Sama'ilu tela. Ya sauko daga mota, ya dubi tulin nan, ya dubi soron, ya koma ya zauna, ko zaure bai shiga ba. Sama'ilu sai da ya kwana biyu ba ya gaishe ni, kamar ni na tara ƙasar.

Mutumin da mahaifinki ya saukar a gidan lokacin fari, Mamuda Bafillatani, da matarsa Adda, ban ce mugaye ne ba. Amma ɗan haya ba ya jin ciwon gini. Shekara uku ban ga ya ɗora ko dunƙule ɗaya a kan rufin nan ba. Abin da ya iya kawai, duk bazara ya zo ya tsuguna a gefen dakalina, ya yi ta gaisuwa har in ƙosa, sannan ya ce, "Malam, damina ta kusa." Kamar ni ba ni da ido. In ce masa Allah ya kawo ta lafiya, ya ƙara ɗan zama, ya tashi ya tafi.

Saboda haka mun kafa kwamiti, ni ne sakatare. Za mu nemi majalisa ta rubuta Layin Tsamiya a matsayin layin masu gida: ba haya, wanda ya lalace kuma a gyara ko a rushe. Ni dai gidan nan shi ne gumina na shekara talatin, shi zan bar wa 'ya'yana, ba zan zura ido darajarsa ta zube saboda soron wani ba. Ko dai ki sayar, ko ki ba mu goyon baya. Ina jiran amsa, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Naki,
Muhammadu Lawal.

*

Kaduna.
21 ga Fabrairu, 1978.

Zuwa ga Yaya Lawal, Sakataren Tsamiya da kewayenta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode da gaisuwa. Mu ma lafiya, sai dai gajiya, don kuɗin man da ya kawo muku siminti mu jarirai ya kawo mana, jiya kaɗai shida na karɓa. Ciwon bayanka kuwa na zaman kujera ne, ka riƙa tafiya a ƙasa. Ka ce wa Shatu man zafinta na nan tafe.

Shekara huɗu ba ka tambayi ko ina raye ba, yau fentinka ya tuna maka da ni. Ba komai, na yafe, taubashi ai ba a riƙe shi.

Amma bari in tuna maka abin da ka manta, ko kuwa ba ka taɓa sani ba, don a lokacin kana Babura wurin aiki. Shekarar fari Mamuda ya iso Kazaure da saniya biyu, daga garken da ya fi sittin, su ma biyun ba su kai damina ba. Baba Kura ya tarar da su a gindin tsamiyar nan, Adda na kwance ba ta ko iya ɗaga kai. Ka san wasan Barebari da Fulani. Ya ce masa, "Tashi, Bafillatani, yau ka shigo hannu." Ya buɗe musu gidan. Da Mamuda ya matsa sai an faɗa masa abin da zai riƙa biya, Baba ya ce, "Hayarka yaɓe. Duk shekara kafin ruwa ka hau soron nan ka shafe shi, shi ke nan tsakanina da kai." Ina wurin. Ina kuma wurin ranar da Baba zai cika, ya kama hannuna ya ce kada in yarda wani ya tashe su.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar shekara uku. Damina biyu na ga Mamuda a kan soron nan da idona, yana shafe shi kamar mai shafe ƙwarya, magina ma tsayawa suke yi kallo. Mutumin nan ba rago ba ne. Ka shiga ka tambaye shi me ya hana shi hawa, ko ba shi da lafiya ne.

Ku gyara layinku, ban hana ba, wanda ya ƙi tsabta ai ba ya aikin asibiti. Amma gidan Baba Kura ba gidan haya ba ne, kuma ba na sayarwa ba ne. Ka sa wannan a ranka.

Ka gaishe mini da Adda, ka ce mata 'yar Barebari na tambayar tarin nan nata.

Taka,
Gumsu.

*

Layin Tsamiya, Kazaure.
9 ga Maris, 1978.

Zuwa ga Gumsu,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Man zafi ya iso, Shatu na godiya, ni ma na ɗan shafa ba tare da ta sani ba.

Na ji daɗi ƙwarai da kika ce mu gyara layinmu ba ki hana ba. Na karanta wa kwamiti wannan layin, kowa ya yaba, Sama'ilu har ya ce ashe matan boko ma suna da hankali. Batun ko gidan na haya ne ko ba na haya ba, wannan ba ni ke yankewa ba. Yadda muka tsara takardar, duk gidan da mai shi ba ya kwana a ciki, gidan haya ne. Dole a yi ƙa'ida ɗaya, in ba haka ba kowa zai kawo labarin kakansa.

Mamuda lafiyarsa ƙalau, shekaranjiya ma na gan shi da jaki yana ƙara wa tulin nan ƙasa. Ban tsaya tambayarsa ba, don na san abin da zai ce, gaisuwa ce zai yi ta jero mini har azahar.

Ranar talatin ga wata za mu miƙa takarda. Ana son sunayen masu gidaje duka. In ban ji daga gare ki ba kafin ranar, zan ɗauka kin amince in sa sunanki. Kada ki damu, in an zo aiwatarwa zan sa baki a sassauta musu.

Naki,
Muhammadu Lawal.

*

Layin Tsamiya, Kazaure.
19 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga Gumsu,

Assalamu alaikum. Ina fata dai lafiya, don shirun ya yi yawa. Sau huɗu ina zuwa gidan waya, har mai ba da takardu ya fara yi mini dariya. Zafi ya tsananta a nan, duwatsu sai huci suke yi, barcin rana ma ya gagara.

Tunda ban ji komai ba, na sa sunanki. An amince da takardarmu. Jami'in tsara gari ya zo da kansa ya zaga layin, gidaje uku ya ɗiga wa jan fenti a ƙofa, naki na ciki. An ba da wa'adi zuwa sha biyar ga Yuni: a gyara, mai gida kuma ya dawo ciki ko ya sayar wa wanda zai zauna. In ba haka ba a rushe abin da ya lalace.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya zo da ƙarfi fiye da yadda na zata. Na ɗauka za a yi ta jan magana kamar yadda aka saba, shekara biyu ko uku. Na nemi a sassauta, jami'in ya zaro takardar ya nuna mini rubutun hannuna, ya ce abin da kuka nema ne aka ba ku.

Lokacin da ake shafa fentin, Adda na tsaye a bakin zaure da tsintsiya a hannu. Ta jira suka tafi, ta ci gaba da shara.

Jiya kuma Mamuda ya zo ya tsuguna a gefen dakalina. Ya gaishe ni, ya tambayi Shatu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har akuyata ya tambaya. Na yi ta jira ya yi maganar jan fentin, in ba shi haƙuri. Ko kusa. Ya ce, "Malam, damina ta kusa." Raina ya ɓaci, na ce masa, "Na sani, Mamuda, shekara huɗu ke nan kana faɗa mini." Ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne, ya tashi. Ki gaya mini, wane irin mutum ne za a rushe masa wurin kwana ya tsaya yana ba ni labarin hadari?

Ki rubuto, don Allah. Ko zagi ne ki rubuto.

Naki,
Muhammadu Lawal.

*

Kaduna.
3 ga Mayu, 1978.

Yaya Lawal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kuma tunda zagi ka nema, ga shi nan tafe.

Tun farkon Maris aka tura ni riƙon ƙwarya wani asibitin ƙauye wajen Birnin Gwari, wata biyu cur. Jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a kan tebur. Na karanta a tsaye, jakata ma ban ajiye ba, sai da maigidana ya ce in zauna kada in faɗi.

Na rubuta maka magana mai gaba da baya, ka yanke gaban ka kai wa kwamiti, ka cusa bayan a aljihu. Sannan ka mai da shiruna sa hannu. Shekara talatin kana aikin ofis, wannan ka koyo? Ka sa sunana a takardar da za ta tashi mutanen da mahaifina ya damƙa mini da hannunsa yana kan gargara. Wallahi na yi kuka, kuma ba zan ɓoye maka ba, da kana kusa da ba a raba mu da daɗi ba.

Amma ajiye wannan. Tun jiya nake juya takardunka, kuma amsar tana cikinsu, kai ka rubuta ta da hannunka ba ka gani ba.

Tulin da kake kira ƙazanta, ka je ka tona shi da sanda ka sansana. In ka ji tsamin makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a gauraya don ruwa kada ya ratsa rufi, to ƙasar yaɓe ce. Haka Mamuda yake yi tun zamanin Baba, ya tara ta a ƙofar gida ta tsumu kafin ya hau. Mutumin da yake ɗauko ƙasa a jaki duk shekara, ya jiƙa, ya kwaɓa, ba ƙin gyara yake yi ba. Wani abu ne ya tsare shi tsakanin ƙasar da rufin.

Sannan me ya sa dakalinka yake zuwa, ba na Sama'ilu ba, ba na liman ba? Kai da ka yi aiki cikin Fulani a Babura da Roni ai ka san su. Bafillatanin da yake zaune a gidan wani, ya rasa dukiyarsa, zai mutu da magana a ciki bai ce "ba ni" ba. In ya zo ya tsuguna ya ce maka damina ta kusa, roƙonka yake yi. Akwai abin da yake hannunka wanda yake jira ka saki.

Ni ban san mene ne ba. Kai kuwa na san ka tun muna yara, bakinka na rigan kanka fita, kafin la'asar ka manta abin da ka ce da hantsi. Ka tambayi Shatu. Ka ce mata ni na ce ta faɗa maka gaskiya ko za ka yi fushi.

Kada ka tsaya gyara rubutu, ka amsa mini ranar da wannan ta same ka.

Gumsu.

*

Layin Tsamiya, Kazaure.
13 ga Mayu, 1978.

Zuwa ga Gumsu,

Assalamu alaikum. Jikina lafiya. Sauran kuma ki karanta ki gani.

Na tona tulin. Makuba ce. Kuma ba tuli ɗaya ba ne, hawa huɗu ne, kowace shekara da nata, ta ƙasa ta bushe ta yi tauri, ta sama ɗanya shar.

Na shiga gida na karanta wa Shatu takardarki. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni ta ce, "Malam, da gaske ba ka tuna ba?" Na ce me? Ta ce shekarar da muka tare a sabon gida, bazarar farko. Kin san da filin gidana kango ne, wanda ya hau soron Baba Kura ba abin da zai gani sai tumfafiya. Wata rana Mamuda ya jingina tsani, ya ɗaga murya ya ce masu gida za a hau soro, kamar yadda ake yi don mata su shige ɗaki. Shatu ta ce ta ji shi sarai, tana shirin tashi ne ta ɗauko mayafi. Ni kuwa na dawo daga ofis a gajiye, na ɗaga kai na ga namiji tsaye a sama yana fuskantar tsakar gidana. Ta ce na yi ta faɗa a tsakiyar layi, mutane suka taru, na ce masa, "Sauko! Kada in ƙara ganin kowa a kan soron nan sai na ba da izini." Ya sauko da ƙasa a hannunsa, ya ce to, Malam.

Gumsu, wallahi sai da ta faɗa sannan abin ya dawo mini. A wurina faɗan yini ɗaya ne, na ci tuwo na manta. Na ce mata don me ba ta taɓa tuna mini ba? Ta ce sau biyu ta ɗauko maganar, na ce mata mace ba ruwanta da harkar gini. Ban musa ba, don muryata ce.

Damina uku ruwa na zuba a kan tsofaffin nan saboda kalmar da na jefar na wuce. Sannan na zauna na rubuta takarda da kyakkyawan rubutu cewa ba su san darajar gini ba.

Ko takalmi ban sa daidai ba na fita. Na yi sallama a zaure sau uku, shiru. Na tura ƙyaure. An share gidan fes, murhu babu toka, igiyar shanya babu ko tsumma. Matar Sama'ilu ce ta leƙo ta ce ai yau kwana tara da tafiyarsu. Da hantsi suka ɗora kayansu a jaki, suka bi gida gida suna sallama, suka ce za su Gwiwa wurin wani ɗan ƙanen Adda. Sun zo nawa ma, aka ce ina wurin taron kwamiti. Mamuda ya bar saƙo a gaya mini ya gode da maƙwabtaka, kuma a yi haƙuri da ƙasar da ya bari a hanya.

Na rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi, in leƙa zauren, in dawo. Saura wata ɗaya da kwana biyu wa'adi ya cika, gabas kuma ta fara haɗa gira. Ki faɗa mini abin da zan yi, wannan karon zan karanta har ƙarshe.

Naki,
Muhammadu Lawal.

*

Kaduna.
22 ga Mayu, 1978.

Zuwa ga Yaya Lawal,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na so in ƙara maka wani zagin, na ga ka riga ni.

Ga takarda nan a cikin ambulan, da sa hannuna da na shaidu biyu. Na ba Mamuda gidan kyauta, halak malak. Ka kai wa alƙali ya tabbatar. Kun ce layin masu gida kuke so, to ga mai gida na ba ku. Tun rasuwar Baba ya kamata in yi haka, ni ma na bar su shekara huɗu ban leƙa ba, ina nan ina taƙama da amanar da ban duba ba. Laifin ba naka kai kaɗai ba ne.

Ba za a ba ni hutu ba sai Agusta. Saboda haka kai za ka je Gwiwa, da ƙafarka, ba aike ba. Kuma kada ka je kana yi masa bayanin ƙa'ida. Kalma ɗaya yake jira, ka san ta.

Taka,
Gumsu.

*

Layin Tsamiya, Kazaure.
13 ga Yuni, 1978.

Zuwa ga taubashiyata Gumsu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna duk ya tsage, alƙalami ma da ƙyar nake riƙewa. Ciwon baya kuwa ba a magana, man Shatu ya ƙare tas.

Alƙali ya tabbatar da takardarki. Ranar kasuwar Gwiwa na hau bayan babur ɗin Sama'ilu, wanda ya yi ta mita tun daga Kazaure har muka isa. A kara na sami Mamuda, wurin da ake cinikin shanu. Ba saye yake ba, ba sayarwa ba, igiya yake tufkawa a gefe yana kallon shanun mutane. Da ya gan ni ya yi zumbur zai tsuguna, na riga shi. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Muka yi ta gaisuwa, wannan karon ni nake ja. Da gaisuwa ta ƙare, ya dubi sama, ya ce a hankali, "Malam, damina ta kusa."

Na ce, "Ka hau, Mamuda. Na ba da izini. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana murza igiyar nan. Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana duka. Sai dai yanzu gwiwar ba ta hawa tsani, Malam. Bara ma da ka ce in hau, da na gwada."

Gumsu, a gaban dillalan shanu hawaye ya zubo mini, ban kuma ji kunya ba.

Na karanta masa takardarki. Ya ce kyautar ta fi ƙarfinsa, sai da na ce masa in ya ƙi rushe gidan za a yi, sannan ya ce to, 'yar Barebari ta ci shi da yaƙi. Ya yarda ya biyo ni. Adda kuwa ta ce tana gaishe ki, amma ba inda za ta. Tari ya kama ta sosai, ta rame. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ce ita ta gaji da kwashe shimfiɗa, in an yi ruwa ɗakin bai zuba ba, a zo a faɗa mata.

Magina duk suna wurin aikin siminti, babu mai sauraron yaɓe a wannan lokaci. Da na zauna na duba, sai na ga a duk Kazaure mutum ɗaya ne zai hau soron nan ba tare da sakataren kwamiti ya yi faɗa ba. Na tuɓe riga na ɗaura zane. Mamuda ya riƙe mini tsani, kafin in taka sai ya juya wajen katangata ya ɗaga murya, "Masu gida, za a hau soro!" Maimakon Shatu ta shige ɗaki, sai ta jawo kujera tsakar gida ta zauna, ta ce yau ba abin da zai sa ta rasa wannan kallo.

Kwana shida na yi a sama. Mamuda na ƙasa yana cika kwando, Sama'ilu na miƙo mini, don kunya ta hana shi tsayawa kallo. Tsohon nan mai sunkuyar da kai ashe in aka zo yaɓe ba shi da kunya ko kaɗan. "Malam, ba haka ba. Malam, kankare ka sake." Azara biyu muka canza, muka sa sabon indararo. Na kuma dubi tsakar gidana daga can, abin da na yi wa mutum tsawa a kansa: turmi, akuya, da igiyar shanya. Jami'in ya zo shekaranjiya ya duba, ya sa an goge jan fentin. Tulin ƙasa ya ƙare ƙaf, layi ya yi fes yadda na roƙa.

Jiya bayan azahar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, da iska. Mamuda ya ce shi ba zai iya shiga ba, ya zauna a zaure. Ni na shiga ɗakin Adda na zauna a ƙasa ina kallon rufi. Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na lura da daɓen. Akwai zagaye zagaye a jikinsa, inda gindin kwanon tarar ruwa ya zauna ya ci ƙasa. Guda bakwai na gani, ɗaya daidai inda kan gadonta yake. Taku huɗu ne daga nan zuwa katangata mai fenti.

Har ruwan ya ɗauke ko ɗigo bai sauko ba.

Gobe da sassafe zan koma Gwiwa in faɗa mata. Ban san ko za ta yarda da bakina ba, kuma in ta ƙi ba zan ga laifinta ba. Ki aiko da maganin tari mai kyau ta hannun direban da ya kawo man zafi. Tsanin kuwa na bar shi a jingine a jikin soron, kwamiti sun yi magana sau biyu, na ce a bar shi a nan.

Naki,
Muhammadu Lawal.